Geron Sarki Tunau da Godiyar Ungulu

Masu ba da labari sun ce a zamanin da, can cikin ƙasashen bakin kogi, an yi wani sarki a Birnin Dagwaje ana ce masa Tunau ɗan Jatau. Ba azzalumi ba ne, ba kuma marowaci ba. Aibinsa guda ne: ko allura zai bayar, sai ya waiga ya tabbata akwai mai kallo.

Wata shekara, ana gab da girbi, kogi ya cika ya batse, ya cinye Tungar Nomau, wani ƙauyen masunta da manoma da ke tafiyar kwana huɗu daga birni. Ruwa ya kwashe rumbuna, ya kwantar da gero a gona, ya bar mutane a kan wani tudu suna cin ganyen tafasa da 'ya'yan bado. Maigarin, wani dattijo mai suna Nomau, ya tako da ƙafarsa har fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, talakawanka na can ruwa ya ci. Mun binne mutum uku kafin in taso, kuma ba ruwan ne ya kashe su ba."

Tausayi ya kama sarki, har ya buɗe baki zai ce a fasa rumbunan fada. Sai sarkin maroƙa, wani mai ƙaton maƙogwaro da ake kira Ɗanbaki, ya matso ya ce, "Zaki, a yi a hankali. Nan da kwana ashirin jakadun Sarki Barmo na Gwabare za su sauka garin nan. Barmo kuwa ya cika duniya da cewa babu mai kyauta kamarsa. In aka aika da geron nan yau cikin daji, wa zai gani? Kwaɗi? A bari baƙi su zo, a kirawo mutanen Tunga su yi layi a ƙofar fada, a raba musu da kiɗa. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

Maganar ta shiga sarki. Ya ce da Nomau ya koma ya taho da mutanensa duka ranar da baƙi za su iso.

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsofaffi da masu jego."

Ɗanbaki ya ce, "Ai su ne ma abin gani. Kuma kada wanda ya sake tufafi, su zo yadda ruwa ya bar su."

Washegari da hantsi sarki ya zaga bayan fada shi kaɗai yana duban rumbunansa, yana ƙiyasta yadda tulin geron zai yi kyau a idon baƙi. A kan wata kuka da ke wurin akwai wata ungulu da ta tsufa har gashin wuyanta ya ƙare. Ta yi shekarunta tana jewa a mayanka, a bakin mahauta ta koyi maganar mutane, saboda haka harshenta ba shi da linzami. Ta sauko kan jinkar wani rumbu ta ce, "Allah ya ja zamanin Zaki."

Sarki ya ɗaga kai ya ce, "Ke kuma tsohuwa me ya kawo ki? Nan gero ne, ba hanji ba."

Ta ce, "Na ji an ce za a yi sadaka. Ni kuwa duk garin nan babu wanda ya halarci sadaka kamata. Ragon suna, bajimin arba'in, baƙin bunsurun da boka ya ce a yanka, duk ina wurin. Ku mutane kuna cewa ungulu ba ta jewar banza. Gaskiya ne. Amma na daɗe ina kallon masu bayarwa daga sama, su ma ban cika ganin mai jewar banza cikinsu ba. Wani ciwo ne ya kayar da shi, yana so ya sayi kwana da rago. Wani ya shekara yana tauye mudu, yana so ya wanke hannunsa da romo. Wani kuwa ba abin da ke damunsa, so kawai yake a ji."

Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Da ni kike?"

Ungulu ta ce, "Ni wa, mai cin mushe, da zan yi da Zaki? Ganin rumbunan nan ne kawai ya tuna mini da Gwadabe Mai-Kanwa da rijiyarsa."

Sarki ya ce, "Wane ne shi? Me ya sami rijiyar?"

Ta ce, "In Zaki zai zauna, sai in faɗa." Sarki ya sami gindin kukar ya zauna, ungulu ta gyara tsayuwa ta fara.

Labarin Gwadabe Mai-Kanwa da Rijiyar Kan Tudu

A bakin hamada, in ji ungulu, akwai wani gari kan hanyar fatake ana ce masa Zangon Tama. Komai akwai a garin ban da ruwa. Mata kan fita da sassafe da tuluna, ba sa dawowa sai rana ta take. A garin nan Gwadabe yake. Kanwa ta yi masa rana, ya tara raƙuma da bayi da gidaje, amma abu ɗaya ya hana shi sakat. A wani gari da yake zuwa fatauci akwai rijiyar wani mutum da ya mutu shekara ɗari, kuma duk wanda ya sha sai ya ce, "Allah ya jiƙan mai rijiya." Gwadabe ya riƙa jin wannan addu'a kamar ana soka masa tsinke. Ka ji mutum, Zaki, da ransa da lafiyarsa yana kishi da gawa.

Sai ya aika aka kira masa wani tsoho mai haƙar rijiya ana ce masa Cindo, wanda ke gane ruwa da duban itatuwa da gidan gara. Cindo ya yi kwana uku yana zaga garin da sandarsa, ya dawo ya ce, "Maigida, albishirinka. Akwai ruwa kusa, kuma ba zurfi. Can bayan gari ne, gindin gawon da ke unguwar majema."

Gwadabe ya toshe hanci ya ce, "Unguwar majema? Cikin warin fata? Wa ke bi ta can? Ni ga inda nake so." Ya nuna wani tudu da ke bakin ƙofar gari, daidai inda hanyar fatake ta ratsa, wurin da ake hangowa tun daga nesa.

Cindo ya ce, "Maigida, ƙarƙashin tudun nan dutse ne. Ruwa ba ya hawa tudu don a gan shi."

Gwadabe ya ce, "Haƙa na kira ka ka yi, ba wa'azi ba."

Cindo ya dogara sandarsa ya yi murmushi ya ce, "Kada dai ka zama kamar attajiran Kwarin Gamji, waɗanda suka kai ƙara gaban alƙali don an sace musu gurgu."

Gwadabe ya ce, "Ana satar gurgu? Yaya aka yi?"

Cindo ya zauna a kan wani taikin kanwa ya ce, "To, saurara."

Labarin Attajirai Biyu da Gurgu Ɗaya

Kwarin Gamji, in ji Cindo, gari ne da Allah ya yi wa albarka. Kowa da gonarsa, kowa da awakinsa, har aka wayi gari duk garin babu mabukaci sai mutum ɗaya. Sunansa Mantau. Yana saurayi ya faɗo daga kan giginya, ƙafafunsa suka mutu, ya koma jan gindi.

A garin akwai attajirai biyu, Jibo Mai-Raƙuma da Na'abu Mai-Shuni. Ƙofofin gidajensu suna kallon juna, su kuwa ba sa ko ga maciji. Ran Juma'a, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga masallaci, sai Jibo ya sa barorinsa su ɗauko Mantau su ajiye a ƙofarsa, ya fito da riga ya ɗaga ta sama kowa ya ga aikin wuyanta, sannan ya sa masa. Kafin Mantau ya gama godiya, barorin Na'abu sun sure shi sun tsallaka da shi, an ɗora masa rawani da cinyar rago. Haka ake jan bawan Allah kamar ƙashi tsakanin karnuka biyu. Daga Asabar zuwa Alhamis kuwa ba mai tunawa da shi. Ɗakinsa na yoyo duk damina, amma da yake ba a ganin rufin ɗaki daga ƙofar masallaci, ba wanda ya taɓa aika masa ko damin ciyawa. Riguna sun yi masa yawa har yana toshe yoyon da su.

Mantau kuwa kafin ya faɗo ya koyi dukanci. Wata Juma'a ya yi ƙarfin hali ya ce da Jibo, "Maigida, Allah ya ƙara arziki. Ƙafafuna ne suka mutu, hannuwana lafiya lau. Da za a taimake ni da basilla da wuƙa da fata ko guda biyu, da na ci da kaina."

Jibo ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Mantau! Ina raye ka yi wahala? Me mutane za su ce da ni?" Ya ƙara masa hula.

Ya gwada Na'abu. Na'abu ya ce, "Wato abincin gidana ne bai ishe ka ba? A ƙaro masa tuwo!"

Akwai wata tsohuwa mai tallar daddawa ana ce mata Tabawa. Mijinta baduku ne, ya rasu ya bar kayan aikinsa cikin wata tukunya. Tana wucewa da faifanta ta ji abin da Mantau ya roƙa. Washegari ta biyo ta ƙofar ɗakinsa, ta jefa masa wani ƙunshi ta ce, "Ungo, tsatsa suke yi a wurina." Ba ta ko tsaya ba, ta wuce tana kiran daddawa.

Mantau ya kwance, sai ga basilla da wuƙa da zarto da dutsen wasa wuƙa. Ya sayar da riguna ya sayi fata. Kafin kaka ta zagayo ya sami gefen wata rumfa a kasuwa, takalmansa har ƙauyuka ake zuwa nema.

Ran wata Juma'a barorin Jibo suka zo ɗaukarsa. Ya ce, "Ku gaishe mini da maigida, ku ce na gode ƙwarai. Ina da takalmin ango da zan gama yau." Barorin Na'abu ma suka sami wannan amsa. Aka sauko daga masallaci, ga Jibo tsaye da riga a hannu, ga Na'abu tsaye da rawani, kowa yana kallon ɗan'uwansa, babu wanda za a sa wa. Jama'a suka wuce suna ƙunshe dariya.

Shekara ashirin attajiran nan ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, sai ranar. Suka ɗunguma wurin alƙali suka ce, "Allah ya gafarta malam, ƙara muka kawo. Tabawa mai daddawa ta sace mana miskini. Shi kaɗai ne a garin nan, ta ɓata shi da sana'a, ta toshe mana hanyar lada."

Alƙali ya sa aka kira Tabawa ya ce, "Iya, me ya sa kika yi wa Mantau wannan sadaka?"

Ta ce, "Sadaka kuma? Ni ban san na yi sadaka ba, Allah ya gafarta malam. Na ji yana neman basilla, ni kuma ina da ita ba na ɗinki. In laifi ne a yi haƙuri, daddawata na can na bar wa maƙwabciya."

Alƙali ya juya ga attajirai ya ce, "Ya taɓa roƙonku kayan nan?"

Suka ce, "Ya taɓa."

Ya ce, "Basilla da riga mai aiki, wacce ta fi tsada?"

Suka ce, "Riga mana."

Alƙali ya ce, "Ashe ba rowa ce ta hana ku ba. To, na gane ciwonku, kuma ga magani. Wannan Juma'a Jibo ya zauna a ƙofar Na'abu, a naɗa masa rawani a ba shi cinyar rago. Juma'a mai zuwa Na'abu ya zauna a ƙofar Jibo a sa masa riga. Kowa ya sami wanda zai yi wa sadaka, jama'a kuma ba su rasa abin kallo ba. Iya, tashi ki koma ga daddawarki."

Cindo ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce da Gwadabe, "Ka ji, maigida. Mai kiwon talaka kamar doki ba ya son ranar da zai tsinke igiya. Kai ma ba masu ƙishirwa kake so ka haƙa wa rijiya ba, masu ido kake so ka haƙa wa. Nemi wani, ni ba na haƙa dutse."

Ungulu ta ci gaba ta ce: Zaki, ka san gaskiya ɗaci gare ta. Gwadabe ya sa aka kori Cindo, aka jefa masa sandarsa waje. Ya aika wata ƙasa aka kawo masa mahaƙa waɗanda ba sa musu, duk inda aka nuna musu nan suke sara. Suka yi wata uku a kan tudun, suka yi gaba talatin, suka ci karo da dutse. Ko danshi babu. Ga shi kuwa Gwadabe ya riga ya aika wa garuruwa da goron gayyata.

Sai ya sa aka kewaye bakin rijiyar da zana, ya ce ana gyaran baki ne. Kwana bakwai bayinsa suna jigilar ruwa cikin salka daga inda mata ke ɗebowa, suna zubawa ciki. Dutse kuwa ya riƙe. Ranar buki aka yaye zana, makaɗa suka goce, Gwadabe ya zura guga da hannunsa, ya fito da shi cike. Guɗa ta tashi. Aka yanka shanu, na ci hanji har na kasa tashi. Maroƙa suka watsu ƙasashe suna waƙar rijiyar da ba ta ƙafewa ko rani ya shekara.

Kwana goma ruwan ya ƙare. Matan gari suka ɗauki tulunansu suka koma tsohuwar hanya, suka sa wa rijiyar suna Rijiyar Kallo. Da abin ya tsaya nan, da dariya ce kawai. Amma waƙa ta fi gaskiya sauri. Ta riga ta tsallaka hamada.

Wani madugu mai suna Ilu ya taso daga arewa da ayarin gishiri. A zangonsu na ƙarshe suka ji waƙar. Ilu ya ce tun da akwai ruwa a bakin hanya, me za a yi da wahalar ɗaukar salka da yawa? Suka rage ruwa suka ƙara gishiri. Kwana shida suna keta rairayi, ruwansu ya ƙare a na biyar. Suka hango tudun tun daga nesa, kamar yadda Gwadabe ya so a hango shi. Dabbobi suka tattara sauran ƙarfinsu suka hau. Aka zura guga, igiya ta yi ta tafiya, sai suka ji ƙwal, ya bugi dutse.

Mutanen gari sun fito da abin da ke tulunansu, amma me ruwan tulu zai yi wa ayari? Mashaya kuwa sai an ƙara rabin wuni. Raƙuma suka durƙusa a bakin rijiyar ba su ƙara tashi ba. Ina wurin, Zaki. Kwana tara muna ci ni da dangina. Mutum biyu ma sun mutu, amma su an yi musu sutura, ba mu samu ba.

Madugu Ilu bai zagi kowa ba. Leɓɓansa sun tsattsage har ba ya iya magana. Ya ɗauki busasshen gugan nan ya tafi gidan Gwadabe, ya same shi cikin mutane, ya ajiye masa a gaba, ya juya. Daga ranar ba a ƙara cewa Mai-Kanwa ba. Ya sami sabon suna yadda ya nema, ana ce masa Gwadabe Mai-Ƙishirwa, har jikokinsa da shi ake kiransu. Cindo kuwa shi da majema suka haƙa gindin gawon nan da hannunsu, gaba bakwai ruwa ya ɓullo. Har yau ana sha, ba kuma wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Ungulu ta karkace wuya ta ce, "Duk wanda ya ce sadakar Gwadabe ba ta amfani kowa ba, ya yi ƙarya. Mu ta amfane mu."

Sarki ya dubi rumbunansa. Can ya ce, "Labarinki ya yi daɗi, tsohuwa, amma bai hau kaina ba. Gwadabe maƙaryaci ne, rijiyarsa wofi ce. Ni dubi rumbunana, cike suke. A ce ma don suna zan bayar, geron ba zai cika ciki ba?"

Ta ce, "Zai cika. Gero bai san niyya ba, ciki ma ba ya tambaya. Na ga mutane da yawa sun rayu da tuwon masu neman suna, ban kuma ga wanda ya shaƙe ba. Da yau za ka aika da shi, ka haɗa da makaɗa ɗari, da ba ka ji bakina ba, niyya tsakaninka ne da Mahaliccinka. Amma mai bayarwa don ido, ido ne ke zaɓa masa wuri da rana. Shi ya zaɓa wa Gwadabe tudu. Kai kuma ya zaɓa maka kwana ashirin."

Sarki ya ce, "Wato gargaɗi kika zo yi mini."

Ungulu ta ce, "A'a, wace ni. Godiya na zo yi."

Ya ce, "Godiyar me?"

Ta ce, "Zaki, mutanen da ke cin ganye tun yanzu, a ƙara musu kwana goma sha shida, sannan a ce su tako tafiyar kwana huɗu da tsofaffi da masu jego. Ai kowace ungulu ta san lissafin nan. Tun jiya na aika wa dangi. Har mun raba hanyar don kada a yi faɗa: na mayankar birni su ɗauki zango biyu na kusa, na bakin kogi su ɗauki na farko. Kuma wannan karon ba za a hana mu ba kamar na Zangon Tama, don mai yunwa ba shi da ƙarfin haƙa kabari mai zurfi. Tun bayan Gwadabe ba a yi mana sadaka irin wannan ba. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa sarki baƙi."

Sarki ya zabura ya miƙe, ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ungulu ba ta motsa ba. Ya ɗaga hannu zai jefe ta. Can ya saki dutsen ya faɗi ƙasa, ya juya ya nufi ƙofar fada da sauri har rawaninsa na warwarewa.

A zauren farko ya tarar da Nomau zaune a ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura, yana naɗe su da tsumma zai kama hanya. Dattijon ya yunƙura zai faɗi gaisuwa, sarki ya riƙe shi ya ce, "Zauna, baba. Tambayarka zan yi, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. In ka taso da mutanenka ranar da na ce, nawa za su iso?"

Nomau ya ce, "In na faɗa a gafarta mini?"

Sarki ya ce, "An gafarta."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ma ban yi niyyar tasowa da su ba. Komawa zan yi in zauna tare da su. Gara su mutu a inda za a san kabarinsu."

Sarki ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya fita tsakar fada ya ɗaga murya ya ce a fasa rumbuna yanzu, a tara duk wani jaki da ke birni ya kai gero bakin kogi, a kama duk wani kwalekwale da ke mashaya, kada la'asar ta yi sai na farko ya tashi. Ta ruwa, tafiyar kwana biyu ce zuwa Tunga.

Ɗanbaki ya sheƙo a guje yana haki ya ce, "Zaki, baƙin fa? Me za su tarar? Ni kuma me zan faɗa ranar? Na riga na shirya kirari!"

Sarki ya ce, "Za su tarar da rumbuna wofi, su koma su ce wa Barmo ya fi ni. Kai kuma ajiye maƙogwaron nan ka ɗauki taiki. Ka daɗe kana ci da sadakar da ba ka taɓa jin nauyinta ba." Aka ɗora wa Ɗanbaki taikin gero a ka, ya nufi kogi yana tangaɗi, ba a taɓa jin ya yi shiru haka ba.

Da aka ɗora Nomau a kan jaki aka bi da shi bayan kaya, sarki ya koma gindin kuka. Ungulu na nan inda ya bar ta. Ya ce, "Tsohuwa, bakinki wari, amma maganarki gaskiya ce, na karɓa. Ba zan ce miki zuciyata ta daina son yabo ba, don na san ƙarya zan yi. Amma daga yau ba ita za ta ƙara zaɓa mini rana ba. Faɗi abin da kike so in ba ki."

Ungulu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka ba ni? Nan ma waigawa za ka yi ka ga ko akwai mai kallo. Bar shi, Zaki. Ka riga ka sa zan je in ba dangi haƙuri, bana ramewa za mu yi."

Ta buɗe fukafukanta ta tashi da kyar, ta nufi mayanka. Sarki ya tuɓe alkyabba ya rataye a reshe, ya shiga rumbu yana miƙo dami.